"INA TAKARDARKA?": YADDA JIHOHIN AMURKA SUKA MAI DA FUSKAR TALAKA LAIFI

Ranar Juma'a 23 ga watan Afrilun 2010, Gwamnar jihar Arizona ta ƙasar Amurka, wata mata mai suna Jan Brewer, ta rattaba hannu a kan dokar nan da aka fi sani da lambarta, SB 1070. Tana ajiye alƙalami sai 'yan jarida suka jefa mata tambayar da ko yaro zai iya yi: shin yaya kamannin baƙon haure suke? Sai matar nan ta kada baki ta ce ita ba ta san yadda baƙon haure yake ba. Ikon Allah! Ita da ta sa hannu ba ta sani ba, amma dokar tata ta ɗora wa kurtun ɗan sandan da ke tsaye a bakin titi nauyin ya sani.

Ga abin da dokar ta ƙunsa, don kada wani ya ce an yi mata ƙage. Idan ɗan sanda ya tsayar da mutum a kan kowane irin dalili, ko da fitilar mota ce ta mutu, sannan ya ji yana zargin mutumin ba shi da izinin zama a ƙasar, to wajibi ne ya bincika matsayinsa. Baƙon da aka samu ba ya ɗauke da takardar rajistarsa ya yi laifi a dokar jiha. Wanda ba shi da izini ya fita neman aikin leburanci, shi ma ya yi laifi. An ba ɗan sanda damar kama mutum ba tare da sammacin kotu ba, matuƙar yana ganin mutumin ya aikata abin da zai sa a kore shi daga ƙasa. Kai, har dama aka ba mazauna jihar su kai hukumar 'yan sanda ƙara idan suka ga tana sassauci wajen zartar da dokar. Wato ɗan sanda mai ɗan sauran tausayi ma an sa masa wuƙa a wuya.

Masu kare dokar sun ce ai ba a ce a tsayar da kowa haka kawai ba, sai an sami "zargi mai dalili". To a nan gizo yake saƙar. Ɓarawo akan gan shi da kayan sata, mashayi akan ji warin giya a bakinsa, mai gudun wuce sa'a na'ura ce take nuna shi. Shi kuwa rashin izinin zama, da me ake ganinsa? Ba ya da wari, ba ya da tambari a goshi. Mutum biyu suna cikin mota, ɗaya an haifi kakan kakansa a garin Tuson, ɗaya ya tsallako iyaka shekaranjiya, dukkansu wankan tarwaɗa, dukkansu suna jin Sifaniyanci. Da me ɗan sanda zai bambance su? Ga kuma Bature ɗan Kanada ko ɗan Ingila wanda bizarsa ta ƙare shekara biyu da suka wuce, yana tuƙa motarsa cikin kwanciyar hankali. A doka shi ma baƙon haure ne tsantsa. Wa zai zarge shi? Abin da ya rage wa ɗan sanda ya dogara da shi bai wuce launin fata da karin harshe da irin tufafi da tsufan mota ba. Wani ɗan majalisar tarayya daga jihar Kalifoniya, Brian Bilbray, ya fasa ƙwan a gidan talabijin a cikin wannan watan, inda ya ce ƙwararrun jami'ai suna iya gane su daga suturarsu, har ma da irin takalmin da suka sa. Takalmi! Mai karatu ya dubi takalmin da ke ƙafarsa, ya tambayi kansa wane hukunci za a yanke masa.

Da surutu ya yi yawa, cikin mako guda sai majalisar jihar ta yi wa dokar kwaskwarima, aka rubuta cewa ba za a yi la'akari da launin fata ko asalin mutum ba, sai dai gwargwadon abin da tsarin mulki ya halatta. Wannan "sai dai" ɗin ita ce ƙofar da aka bari a buɗe. Domin tun a 1975 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Brignoni-Ponce, ta yanke cewa kama da 'yan Meziko shi kaɗai bai isa dalilin tsayar da mota ba, amma yana cikin abubuwan da jami'i zai iya dubawa. An hana da hannun dama, an miƙa da na hagu.

Akwai wani abu da ya kamata samari su sani, don shi ne yake tona asirin lamarin gaba ɗaya. Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa na bai ɗaya, kuma babu dokar da ta tilasta wa ɗan ƙasa ya riƙa yawo da shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Suna ma alfahari da hakan, wai su ba irin ƙasashen 'yan kama-karya ba ne inda jami'i zai tare ka ya ce ka fito da takarda. To idan ɗan ƙasa bai wajaba ya riƙe takarda ba, amma wanda aka zarga aka same shi ba takarda za a iya riƙe shi har sai an buga wa hukumar shige da fice waya, ashe 'yan ƙasa sun kasu kashi biyu ke nan. Kashi na farko fuskarsu ce fasfonsu. Kashi na biyu kuwa, ko biredi mutum zai fita saye sai ya laluba aljihu ya tabbata lasin tuƙinsa yana ciki. A ƙidayar 2010 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Arizona 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne ko masu cikakken izinin zama. Su ne aka jefa a kashi na biyu.

Abin haushin shi ne, wa ma ya tarar da wani a ƙasar? Arizona yankin Meziko ce. Amurka ta yaƙi Meziko daga 1846 zuwa 1848, ta ƙwace kusan rabin ƙasarta ta hanyar yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, a ciki har da Kalifoniya da mafi yawan Arizona. Sauran kudancin jihar, inda Tuson take, an saye shi a 1854 a kan dala miliyan 10. Arizona ba ta zama jiha ba sai 1912. Akwai gidajen da ba su taɓa tsallaka iyaka ba, iyakar ce ta tsallaka su suna zaune a tsakar gidansu. Kafin su duka kuma akwai ƙabilun asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa Jajayen Indiyawa. Ƙabilar Tohono O'odham, alal misali, layin iyakar ya raba ƙasarta gida biyu, wasu dangi a nan wasu a can, kuma da yawa daga dattawansu a gida aka haife su, ba wanda ya rubuta musu takardar haihuwa. Dattijon da kakanninsa suka yi dubban shekaru a wannan hamada, shi ne jikan wanda ya zo jiya a jirgin ruwa zai tare ya ce ya kawo shaidar cewa shi ba baƙo ba ne. Ɗan haya ya ce wa mai gida ya nuna rasit.

Kuma ba yau suka fara ba. A zamanin bauta, baƙar fatar da ya sami 'yanci dole ya riƙa yawo da takardar 'yancinsa, in ta ɓace ko aka ƙwace aka yaga, kasuwar bayi ce makomarsa. A 1892 dokar Geary ta tilasta wa 'yan Sin mazauna Amurka su riƙe takardar zama, wanda aka kama ba ita kuma ba zai kuɓuta ba sai farar fata ya yi masa shaida. A shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, an tasa ƙeyar dubban ɗaruruwan mutane zuwa Meziko, da yawansu haifaffun Amurka ne, abin da jihar Kalifoniya ba ta nemi gafara a kansa ba sai a dokar da ta yi a 2005. A cikin Arizona kanta, a garin Chandler, a watan Yulin 1997 'yan sanda da jami'an iyaka sun yi kwana biyar suna farautar mutane a tituna da bakin kantuna. Sun kama mutum 432 marasa izini, amma a kan hanya sun tsayar da 'yan ƙasa da dama don kawai kamanninsu ko harshensu, har garin ya ƙare da biyan diyyar dala 400,000. Saboda haka waɗanda suka rubuta SB 1070 ba za su ce ba su san inda hanyar take ɓullewa ba.

In ma sun manta da Chandler, ai Joe Arpaio yana gabansu. Shi ne zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa, inda babban birnin jihar, Finiks, yake, tun daga 1993. Mutumin da ya kafa kurkukun tantuna a cikin hamada inda zafi kan haura digiri 45, ya sa wa fursunoni kamfai ruwan hoda don wulakanci, a 2009 kuma ya jera baƙi kimanin 200 cikin sarƙa ya yi fareti da su a gaban kyamarori. Tun kafin dokar ta zo yaransa suke mamaye unguwannin talakawa, su tsayar da motoci a kan ƙananan laifuffuka, su bi fasinjoji da tambayar takarda. A 2007 sun tsayar da wata mota da farar fata yake tuƙawa, suka sallami direban, suka riƙe fasinjan, wani ɗan Meziko, kusan awa tara, alhali bizarsa lafiya lau take kuma ya nuna musu. Wannan mutumin ne ya shigar da ƙarar da ta zama ajalin mulkin Arpaio.

A zaman shari'ar an fito da wasiƙun da wasu mazauna gundumar suke aiko masa. Wani ya yi ƙorafin ya ga masu duhun fata sun taru a wani wuri, wani ya ce ya ji ma'aikatan gidan abinci suna Sifaniyanci. Babu laifin da aka ambata a ciki. Maimakon ya jefa su a kwandon shara, sai ya riƙa tura wa manyan jami'ansa. A watan Mayun 2013 mai shari'a Murray Snow, wanda Shugaba Bush ƙarami ne ya naɗa shi, balle a ce ɗan adawa ne, ya yanke hukunci cewa ofishin Arpaio yana ware 'yan Latin Amurka saboda asalinsu, kuma hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Tun a ƙarshen 2011 kotu ta umarce shi ya daina tsare mutane a kan zargin rashin izini kawai, ya yi kunnen ƙashi. Masu zaɓe suka kayar da shi a 2016. A watan Yulin 2017 aka same shi da laifin raina kotu. Ko wata guda ba a yi ba, kafin ma a yanke masa hukunci, Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa. Kuɗin gyaran ɓarnar da ya tafka, wanda ya haura dala miliyan 200, daga aljihun masu biyan haraji na gundumar yake fita, cikinsu har da waɗanda ya wulaƙanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce, to shin ƙasa ba ta da haƙƙin tsare iyakarta ne? Tana da shi, ba mai musun wannan. Gaskiya ne kuma ana safarar ƙwaya da mutane ta hamadar Arizona, gaskiya ne a watan Maris na 2010 an harbe wani mai garken shanu a gonarsa kusa da iyaka, kisan da ya ingiza 'yan majalisa suka gaggauta dokar. Amma ba a gano wanda ya kashe shi ba a lokacin da suke jefa ƙuri'a, sun yanke hukunci ne a kan zato. Ita kanta Gwamna ta fito ta ce ana tsintar gawarwaki ba kai a hamadar jihar, masu binciken gawa na yankin suka ce su ba su gani ba, daga baya ta amsa cewa ta yi kuskure. Sannan wane mai safarar ƙwaya ne ake kamawa ta hanyar tambayar mai wankin mota takardarsa? Ƙungiyar shugabannin 'yan sandan jihar da kanta ta ƙi dokar, saboda sun san aikinsu. Matar da mijinta yake jibga, in ta san kiran 'yan sanda zai jawo a kori uwarta, shiru za ta yi. Leburan da ɗan kwangila ya cinye wa kuɗin wata uku ba zai kai ƙara ba. Wanda ya ga an yi kisa ba zai fito shaida ba. Azzalumin cikin unguwa shi ne ya fi kowa cin ribar wannan doka. Kuma a daidai shekarun da Arpaio yake farautar lebura, sai aka gano ofishinsa ya yi watsi da ƙararrakin fyaɗe da lalata sama da 400 ba tare da cikakken bincike ba, wasu a kan ƙananan yara, abin da ya sa ya fito ya ba da haƙuri a 2011. Wannan shi ne tsaron?

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Oktoban 2010 gidan rediyon NPR ya bankaɗo cewa Sanata Russell Pearce, uban dokar, ya gabatar da daftarinta a watan Disambar 2009 a wani taron ƙungiyar ALEC a birnin Washinton, inda 'yan majalisun jihohi suke zama tebur ɗaya da kamfanoni, kuma cikin mahalarta har da wakilan CCA, babban kamfanin da ke gina kurkuku yana karɓar kuɗin gwamnati a kan kowane kai da aka tsare. Rahoton ya ce 30 daga cikin 'yan majalisa 36 da suka mara wa ƙudurin baya sun sami gudummawar kamfen daga kamfanonin kurkuku ko masu yi musu kamun ƙafa. Kamfanin ya musanta cewa yana da hannu a rubuta dokar. Sai dai mai sayar da likkafani ko ya rantse ba ya fatan annoba, an san wanda kasuwarsa take buɗewa in ta zo.

Gwamnatin tarayya ta kai jihar ƙara, ranar 25 ga Yunin 2012 kotun ƙoli ta soke sassa uku na dokar: na rashin ɗaukar takarda, da na neman aiki, da na kamu ba sammaci. Mai karatu kada ya yi saurin tafi. Ba don an zalunci talaka aka soke su ba, an soke su ne don jiha ta shiga hurumin tarayya, wato rigimar manya ce a kan wa ke da ikon riƙe bulalar. Sashen "ina takardarka" kuwa aka bar shi, aka ce sai an ga yadda za a yi aiki da shi. Sai a 2016 jihar ta amince a rubuce cewa ɗan sanda ba zai tsawaita tsare mutum don binciken takarda kawai ba.

Kafin nan cutar ta riga ta yaɗu zuwa Jojiya da Indiyana da Yuta da Karolina ta Kudu. Ta Alabama, a 2011, ta fi duka muni, don har makarantu aka ce su bincika matsayin yaran da ake kawowa rajista. Da ta fara aiki, yara kimanin 2,000 'yan Latin Amurka suka ƙaurace wa aji a rana guda, tumatir ya ruɓe a gonaki ba masu tsinka. Duk wannan bai dami shugabannin jihar ba. Sai a watan Nuwamba, da ɗan sanda ya tsayar da wata motar haya a garin Tuskalusa, ya kama direban don ba fasfo a jikinsa, ashe Bajamushe ne, babban jami'in kamfanin Mercedes-Benz mai masana'anta a jihar. Nan take hankali ya tashi, aka kawo fasfo, aka janye tuhuma, manya suka fara cewa lallai dokar tana bukatar gyara. Tarkon da aka ɗana wa kurciya ya kama ɗawisun sarki, sai ga shi kowa ya gane tarko abu ne mai ciwo.

Wanda yake zaton labarin ya wuce, to ya sake lale. A watan Disambar 2023 Gwamnan Teksas Greg Abbott ya sa hannu a dokar SB 4, wadda ta ba 'yan sandan jiha ikon kama wanda suke zargin ya tsallako iyaka ba bisa ƙa'ida ba, aka shiga ja-in-ja a kotuna. A Nuwambar 2024 masu zaɓe a Arizona suka amince da makamanciyarta. A watan Yulin 2025 wata mai shari'a a Los Anjelis, Maame Frimpong, 'yar asalin Gana, ta hana jami'an shige da fice na tarayya tsayar da mutane don dogaro da abu huɗu kawai: kamannin ƙabila, da jin Sifaniyanci ko Turanci mai gargada, da irin wurin da aka ga mutum kamar tashar bas ko wurin wankin mota, da irin aikin da yake yi. Cikin waɗanda suka kawo ƙarar har da 'yan ƙasa da aka tare. Ranar 8 ga Satumba kotun ƙoli ta dakatar da wannan umarni, alƙalai uku suka ƙi amincewa. Mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa ƙabila tana iya zama ɗaya daga cikin dalilai, kuma wai mai gaskiya ba abin da zai same shi, 'yar tambaya ce ta ɗan lokaci, ya nuna shaida ya kama gabansa.

Ya nuna shaida ya kama gabansa! Mai shari'a ba a taɓa haska masa tocila a fuska da tsakar dare ba. Samarin da suke mafarkin Amurka, suna ganin tunda su ba 'yan Meziko ba ne abin bai shafe su ba, su tambayi 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a unguwar Buronks ta birnin Niyok, inda Hausawan Gana da na Nijar suke da yawa, labarin Amadou Diallo. Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini, mai shekara 23, yana tallar safa da kaset a bakin titi. Daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka nufo shi. Ba ma 'yan shige da fice ba ne, wani mai laifi suke nema, suka ce ya yi kama da shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat ɗinsa, inda mutum yake ajiye katin shaida. Suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ba bindiga a jikinsa, ba wuƙa. Aka ɗauke shari'ar daga Buronks aka kai garin Albani, a watan Fabrairun 2000 aka wanke su huɗun daga kowace tuhuma.